Jarkar Da Ambaliya Ba Ta Taɓa Ba

Da hantsin ranar Talata, kwana biyu bayan Kogin Haɗeja ya tumbatsa ya shigo unguwannin bakin ruwa, aka bugo wa Sufeto Abdulmannan Yakubu waya cewa an kashe kifayen gidan Hajiya Zinariya, kuma an kama wanda ya yi. Sufeton ya shekara goma sha tara a aikin ɗan sanda, kuma babu maganar da ya tsana irin "an kama". Idan jama'a suka ce sun kama mutum, yawanci abin da ya rage wa 'yan sanda shi ne su ɗauke shi a kwance.

Haka kuwa suka tarar. Shi da Saja Yelwa, wata dattijuwar 'yar sanda mai kaifin ido da kaifin baki, suka kutsa cikin masunta kusan talatin, suka iske wani tsoho ɗaure a jikin ƙarfen tankin ruwa. An fasa masa kai, hannunsa na dama ya karye yana lilo, numfashi yana fita da ƙyar.

"Wane ne wannan?" in ji Sufeto.

"Zarami ne, mai guba!" wani ƙaƙƙarfan mutum ya amsa, yana riƙe da guntun filafilin tuƙa kwalekwale. "Ni ne Sunusi, shugaban masunta. Shi ya koya mini jefa ragar birgi, amma wallahi yau na fita daga hannunsa."

"Na ga alama. Ku kwance shi."

Ba wanda ya motsa. Saja Yelwa ce ta yanke igiyar da kanta, ta sa aka ɗora tsohon a bayan mota aka nufi asibiti da shi. Har motar ta tashi ana jifanta da laka.

Gidan kifin wani dogon zaure ne mai akwatunan gilashi goma sha biyu, kowanne ya kai ƙirjin mutum tsawo. Kifayen ciki ba na Hajiya ba ne. Tunda ciyawar kacalla ta toshe rafuka kifi ya yi ƙaranci, masunta suka shekara uku suna zaɓo manyan iyaye, giwan ruwa da bargi da ragon ruwa, suna kawo mata amana don a hayayyafa su a mayar da 'ya'yan kogi. Yanzu ga su nan an jere a ƙasa, ƙudaje suna biki.

Hajiya Zinariya ta fito daga ofishinta tana share ido da gefen mayafi. Mace ce mai jiki da murya, irin wadda ko tana kuka sai ka ji kamar umarni take ba ka. Hannayenta sun sha sabon jan lalle har wuyan hannu.

"Yallaɓai, hassada ce kawai," in ji ta. "A da Zarami ne yake auna wa kifayen magani da murfin kwalba, kamar muna zamanin jahiliyya. Na sayo na'ura, ita take ɗiga maganin da kanta a kan lokaci. Shi kuma na mayar da shi shara, ban ma kore shi ba. Jibi Alhamis manyan baƙi za su zo ganin na'urar, shi ne ya ga bari ya kunyata ni."

"Wa ya fara ganin kifayen?"

"Ni, da ƙarfe tara. Tun jiya da la'asar ban sake tako nan ba."

"Me ya sa kika ce shi ne?"

Ta miƙo wata kwalbar maganin ƙwari, babu komai a ciki. "A jakarsa aka samu. Sannan zo ka gani."

Ta kai shi akwatin ƙarshe. A ciki wani dogon kifi ne, ɗan sarki, yana yawo lafiya ƙalau kamar babu abin da ya faru a duniya.

"Wannan shi ya kamo shi, yana yi masa hira kamar ɗan cikinsa. Kifayen akwati goma sha ɗaya sun mutu, nasa kaɗai ya tsira. Sai an kira malami ya fassara maka?"

Sufeto ya dubi kifin. Shi kansa ya ji maganar ta zauna, kuma abin da ya dame shi ke nan, ta zauna da wuri.

Ya sallame ta, ya shiga zagaya zauren a hankali. Ruwan ambaliya ya shigo jiya Litinin, ya janye kafin wayewar gari, ya bar zanen laka a jikin bango daidai idon sawu. Duk wanda ya tashi a bakin kogin nan ya san abin da ake yi idan ruwa ya leƙo ƙofa: ba a tsayawa tunani, duk abin da hannu ya kai gare shi sama ake yi da shi. Buhunan abincin kifi suna kan wani dogon kanta kusa da rufi, janareto yana kan bulo, har buta da tabarmar salla an rataye su.

Abin da ya yi nauyin ɗauka kuwa ya sha laka. Ƙafafun akwatunan da zane, tsohon firji da zane, tayar baro da zane.

A kusurwa na'urar take, wani ɗan akwati manne a bango, siraran tiyo sun fito daga cikinta sun bi kan akwatunan kifin. Wani tiyon ya sauka cikin wata shuɗiyar jarka da ke ajiye a ƙasa. Sufeto ya tsuguna ya daɗe yana kallon jarkar.

"Saja, zo ki ga abin al'ajabi. Jarkar da ruwa ya ji nauyinta ya kewaye ta."

Yelwa ta duba. Jarkar fes take daga sama har ƙasa, babu ko ɗigon laka.

"Ba a nan ta kwana ba, yallaɓai," in ji ta. Ta ɗauki kwalbar maganin ƙwarin ta shinshina, ta yamutsa fuska, sannan ta sunkuya kan akwatunan ɗaya bayan ɗaya. "Wannan abin wari gare shi kamar bala'i, ko a gona aka fesa sai ya kwana uku. Ruwan nan kuwa ba ya warin komai. Sabon ruwa ne ma, na rijiyar burtsatse."

Ta ɗaga kunnen wani giwan ruwa da yatsa. Maimakon ja, cikin ya koma ruwan ƙasa, kamar an jiƙa shi a shayi.

Da la'asar suka je asibiti. Likita ya ja Sufeto gefe ya gaya masa gaskiya: jini yana zuba a cikin kan tsohon, ba lallai ne ya ga Juma'a ba. A bakin gadon akwai mace ɗaya tak, 'yarsa Adila, tana yi masa fifita. Mutumin da ya koya wa rabin masuntan garin sana'a, babu ko ɗaya da ya leƙo da ruwan leda.

"Baba, ka taɓa na'urar nan?" Sufeto ya tambaya.

"Ban taɓa ba."

"Baba, na duba akwatin ɗan sarki. Tiyonsa a naɗe yake a bayan gilashi, an ɗaure bakinsa da zaren koma. Ɗaurin masunci ne, ba na mai gyaran wuta ba."

Tsohon ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ya shiga cikin bandejin.

"Ni na cire, wata biyu ke nan. Ban yarda da abin da ba shi da ido ya ba kifi magani ba. Na ji tsoro in na faɗa za a ce na amsa laifi." Ya yi tari mai tsawo. "Jiya da ruwa ya shigo na ce wa Hajiya a bar ni in kwana a wajen. Ta ce in tafi in ji da bukkata, ita za ta kulle."

"Wa ya ɗaga kayan sama?"

"Ni na ɗaga buhuna. Jarka ban taɓa ba, an hana ni kusantarta. Da na fita tana ƙasa." Ya lalubo hannun Sufeto da hannunsa mai lafiya. "Ɗana, ni ba gidan yari nake tsoro ba, na san inda na dosa. A wajenmu wanda ya zuba wa ruwa guba ko gawarsa masunta ba sa ɗauka, jikokinsa ma ba sa shiga kwalekwale. Ka sa su Sunusi su san ba ni ba ne tun ina ji da kunnena."

Sufeto Abdulmannan ba mai yawan alkawari ba ne, ya san yadda aiki yake cin su. Amma ya ce, "In sha Allahu za ka ji, Baba." Ya miƙe ya fita.

Washegari da safe suka dira a shagon Modu, mai haɗa sola da famfo, wanda ya kafa na'urar. Yana ganin kaki ya hau rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Yallaɓai, na'urar nan ba ta kuskure. Ga lissafinta a wayata, ka gani. Litinin ta ɗiga sau biyu, daidai yadda aka saita ta. Daga nan aka ɗauke wuta, ba ta sake motsi ba."

"Wane magani ne a jarkar?"

"Na kashe ƙwayar cuta ne, mai launin shunayya. Kaɗan ake so, in ya yi yawa yana ƙona kunnen kifi."

"Ya mayar da shi ruwan ƙasa?"

Modu ya gyaɗa kai. "E, haka yake yi."

"To na'ura a kashe, ta yaya magani zai shiga akwati goma sha ɗaya?"

"Ba zai yiwu ba. Akwai ɗan makulli a jikin tiyon da ke tare shi."

Saja Yelwa ta zaro tiyon daga jakarta ta shimfiɗa masa a kan teburi. "Nuna mana makullin, injiniya. Idona ya fara tsufa."

Modu ya juya tiyon sama da ƙasa kamar makullin zai tsiro. Daga ƙarshe ya zauna a kan wani batir, gumi yana keto masa.

"Bai zo a cikin kwalin ba. Na ce zan kawo daga Kano, ban samu zuwa ba. Amma wallahi na gaya wa Hajiya da bakina, na maimaita: kada a kuskura a ɗora jarkar nan sama da akwatunan. In ta fi su tsawo, maganin zai riƙa gangarowa da kansa ko na'ura tana kashe, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota. Ba zai tsaya ba sai jarkar ta ƙare."

"Ita kaɗai ka gaya wa?"

"Ita kaɗai. Ta ce kada in ɓata bakina a kan tsoho, ba zai gane ba."

Yelwa ta kama hannun Modu ta juya. "Kai da kake haɗa maganin, ba ya kama maka hannu?"

"Yana kamawa sosai, ya yi ruwan ƙasa, sabulu ba ya fitar da shi ko ka kwana kana wanki. Lemon tsami muke gogawa, nan take yake gogewa."

A mota, da suka wuce kasuwar kifi, Yelwa ta ce, "Yallaɓai, kai namiji ne, ba ka lura ba. Wace mace ce za ta zauna ƙunshi da sassafe, ruwa yana cikin unguwarta? Kuma lallen Hajiya babu zane babu fulawa, an dulmiya hannu ciki da baya kamar na mai rini. Tsaya a nan in sayi lemon tsami."

Da suka isa gidan kifin, Hajiya Zinariya tana tsakar fili tana ba da umarni a wanke gilasai kafin baƙin gobe. Sunusi da mutanensa suna zaune a gindin bango, suna jiran jin ranar da za a kai Zarami kotu. Sufeto ya ce kowa ya shigo zauren.

Ya jawo bulo ya taka, ya ture buhu ɗaya daga kan dogon kantan. A jikin katakon akwai da'ira mai ruwan ƙasa, daidai faɗin gindin jarka. Ya ɗauko shuɗiyar jarkar ya ɗora, ta zauna ɗas a kan da'irar.

"A nan ta kwana," in ji shi. "Wani ya ɗaga ta don kada ambaliya ta ci ta, kamar yadda kowannenku zai yi a gidansa. Maganin ya gangara duka cikin akwatunan da ke da tiyo. Na ɗan sarki ba shi da tiyo, shi ya sa ya rayu. Har nan kuskure ne. Abin da ya biyo baya ne ba kuskure ba."

Ya tsiyaya ɗan abin da ke cikin jarkar a ƙasa. Ruwa ne tsararo, launin da ƙyar ake ganinsa.

"Wani ya zo da sassafe ya ga ɓarnar. Ya zubar da ruwan akwatunan ya sa sabo, ya cika jarka da ruwa ya mayar ƙasa, ya nemo kwalba ya jefa a jakar tsoho."

"To ai shi ne!" Hajiya ta daka tsawa. "Shi ya ɗaga, shi ya ɓoye!"

"Sannan ya sa wa kansa kwalba a jaka? Hajiya, wa yake da makullin zauren nan?"

"Ni ce, amma..."

"Ƙarfe nawa kika ce kin zo jiya?"

"Tara. Na je ƙunshi da safe, kowa ya gani."

Saja Yelwa ta matso tana murmushi, ta yanka lemon tsami biyu. "Masha Allah, lallen ya kama. Ara mini hannun in gani, Hajiya, ko ni ma a kai ni wajen mai yin."

Hajiya ta ja baya, bango ya tare ta. Yelwa ta damƙi hannun, ta ture hannun riga sama. Bayan inda lallen ya tsaya akwai ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa har gwiwar hannu. Ta goga lemon a kan lallen, bai motsa ba. Ta goga a kan ɗige-ɗigen, suka narke suka bi ruwan lemon, fata ta fito fes.

Masuntan suka matso, suka zuba wa hannun ido.

Hajiya Zinariya ta fizge hannunta, ta gyara mayafi. Kukan jiya ya tafi, ko alamarsa babu.

"To, ni ce. Ruwa yana shigowa, na ga jarka a ƙasa, na ɗaga. Wa zai tuna da surutun Modu a lokacin? Da asuba na dawo na ga ruwan ya koma shunayya, kifaye sun juya ciki sama." Ta dubi masuntan ɗaya bayan ɗaya. "Me kuke so in yi? In tsaya a gabanku in ce na'urar da na yi ta cika baki da ita ce ta kashe amanarku, da hannuna? In ce tsohon da na mayar shara ya fi ni gaskiya? Gobe baƙi su zo su yi mini dariya?"

"Sai kika ba su shi," in ji Sufeto.

"Ni ban ce a doke shi ba. Kwalba kawai na nuna, ita ma ta feshin sauro ce daga sito. Su suka ɗauko filafili." Ta ɗaga kafaɗa. "Kuma tsakani da Allah, shekararsa nawa? Na ɗauka za a ɗan tsare shi, maganar ta mutu. Ni ina da suna a garin nan. Shi me yake da shi da zai rasa?"

Sufeto ya ji kamar ya ɗauke ta da mari, ya danne. Abin da ke gabansa ya fi wannan. Ya juya ga Sunusi, wanda ya zube a ƙasa ya dafe kai.

"Tashi. Kai da mutum biyar ku shiga mota yanzu, mu je asibiti. Da bakinka za ka gaya masa."

Ya ciro waya ya kira Adila don ta kara wa tsohon a kunne kafin su iso. Sai da ta kusa tsinkewa aka ɗauka.

"Adila, mun gano gaskiya. Ba Baba ba ne, an amsa laifi a gaban kowa. Kara masa wayar."

Da ta amsa, muryarta a bushe take.

"Yallaɓai, Baba ya cika, ko rabin awa ba a yi ba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya ce wani abu?"

"Ya tambaye ni ko wani daga bakin kogi ya zo. Na ce babu. Ya ce, har yanzu sun yarda ni ne? Ni kuma ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba. Na ce e, sun yarda. Sai ya juya fuskarsa bango, bai sake magana ba."

Sufeto ya sauke wayar. Dama ya buɗe muryar wayar tun da farko don masuntan su ji murnar tsohon, don haka babu wanda bai ji ba. Sunusi ya fasa wani irin kuka, yana buga goshinsa a ƙasan siminti.

Nan take sauran suka miƙe suka yo kan Hajiya. Wani ya rarumo bulo, wani yana ihun a kawo igiya. Fuskokin jiya ne, da muryoyin jiya, mutum kawai aka canja musu.

Sufeto Abdulmannan ya sha gabansu. Bai ɗaga murya ba.

"Duk wanda ya ƙara taku ɗaya, zan manta da cewa na san ubansa. Kun gama hukuncinku jiya, kun ga abin da ya haifar. Saja, rubuta sunan kowa a nan, da abin da ya riƙe a hannunsa ranar Talata. Sunusi ne na farko."

Yelwa ta sa wa Hajiya Zinariya ankwa. Da ƙarfen ya taɓa fatarta ne ta fara tambaya ko za a bari ta kira lauyanta, ko za a fitar da ita ta ƙofar baya don kada a gan ta.

"Ta ƙofar da aka fitar da shi za ki fita," in ji Sufeto.

Aka tasa ta gaba, Sunusi yana biye da ankwa a nasa hannun. A bakin mota ya tsaya, ya dubi Sufeto da jajayen idanu.

"Yallaɓai, don girman Allah ka bar ni in ɗauki makararsa, daga nan ka yi duk abin da za ka yi da ni."

"Wannan ba ni za ka roƙa ba," in ji Sufeto. Ya sake kiran Adila ya gaya mata abin da Sunusi ya nema.

"Ka gaya masa mun samu masu ɗauka," ta ce. "Leburorin asibiti ne, ba su san shi ba."

Sufeto ya tura Sunusi ciki kusa da Hajiya, ya rufe ƙofar, ya ce wa direba su tafi.